Takalman Sarkin Barci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda Yake ɓoye bayinSa na ƙwarai a cikin mutane kamar yadda Ya ɓoye ruwa a ƙarƙashin ƙasa, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ni ba ma'abociyar alƙalami ba ce, karatuna bai yi nisa ba, kuma a cikin matan da ke ɗaukar karatu a gidan Shehu ni ce ta ƙarshen sahu, wadda take zama kusa da randa don kada a tambaye ta. Amma abin da ido ya gani amana ne, shi ya sa na daure na rubuta.

Shehunmu, Allah Ya ƙara masa yarda, Ya ja kwanansa cikin ɗa'a, manyan ɗalibansa suna kiransa al-Alim, al-Amil, az-Zahid, al-Arifu billahi, kuma da na tambayi ma'anarsu aka ce mini masani ne mai aiki da saninsa, mai gudun duniya, wanda ya san Ubangijinsa. Ni dai abin da na sani shi ne zaurensa cike yake da littattafan da bangonsu ya sha hannu har ya yi laushi, butarsa guda ɗaya ce kuma da waya aka ɗaure mariƙinta, shi yake ɗinke rigarsa in ta yage, ba a taɓa jin muryarsa daga waje ba, kuma ko yana sauraron mutum leɓɓansa ba sa hutawa da ambaton Allah. Alƙalai sukan zo da tambaya su zauna a tabarma ɗaya da masu dako, ya amsa wa kowa gwargwadon abin da zai iya ɗauka. Bai taɓa miƙe ƙafa a gaban ɗalibi ba, ko da ɗan yaye ne. Ku riƙe wannan, zai zo a gaba.

Maigidana soja ne. Tun yana saurayi ya shiga, bai san wata sana'a ba, kuma a rundunarsu Barewa suke ce masa saboda ba a taɓa shan gabansa a gudu ba. An ba mu ɗaki ɗaya da baranda a layin masu iyali cikin bariki, famfo ɗaya ne a ƙarshen layin, kuma a bakin famfon nan ake sanin wanda aka ƙara wa igiya da wanda za a sallama tun kafin masu abin su sani.

Ba mu daɗe da aure ba aka tura su wani aiki nesa, motarsu ta kife a hanya, amininsa ya rasu, shi kuma ya karye a idon sawun hagu. An yi masa ɗori a asibitin bariki, ƙashi ya haɗe, likita ya duba hoto ya ce babu sauran abin da ya gani. Sai dai ƙafar ta ƙi yarda da hoton. In ya yi tafiya kaɗan sai ta kumbura ta yi sheƙi, da yamma in dafa ruwa in gasa masa, da safe ya naɗe ta da bandeji ya cusa a takalmi yana cije leɓe, ya fita fareti yana ɓoye ɗingishi. Su sojoji haka suke, gara a ce mutum ya yi laifi da a ce ba shi da lafiya.

Akwai gwajin ƙarfi da ake yi musu, mutum ya goya jaka mai nauyi, ya sa takalmin aiki, ya yi gudu mai nisa, ya iso kafin lokacin da aka yanka. Ya shiga ya faɗi. Aka ba shi watanni ya sake shiga, ya sake faɗuwa. Ƙa'ida kuwa ita ce in ya faɗi na gaba, za a miƙa shi gaban kwamitin likitoci a sallame shi, ya mayar da kaki, mu mayar da makullin ɗaki.

Sajensu mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba ya sakaya magana. Ya zo duba shi wata rana ya tsaya a baranda ya ce, "Barewa, yaushe ka koma kunkuru ba a gayyace mu suna ba? Ni ina sonka, kyaftin ma yana sonka, amma agogo ba shi da ɗan'uwa." Maigidana ya yi dariya, bayan tafiyarsa kuma bai ci abinci ba. Matar Kofur ta maƙwabtanmu ta tare ni a famfo ta ce, "Amarya, ba mugun fata nake miki ba, amma in kin ga kwali mai kyau ki fara ajiyewa." Na ce to. Na dawo da bokitina rabi.

Akwai abin da na daɗe ina gani ban faɗa ba. Takalman da yake sawa sun yi masa kaɗan. Farcen babban yatsansa ya yi baƙi, bayan diddigensa kullum a saɓule, kuma sau biyu ana raba sababbi yana karɓa ya tura ƙarƙashin gado da kwalinsu. Ba ya bari in taɓa tsofaffin, shi yake goge su da kansa, ya daɗe yana gogewa fiye da yadda takalmi yake buƙata. Na ɗauka ko wata ƙa'ida ce ta aikinsu da ban sani ba, kuma kunya ta hana ni tambaya.

Sau da yawa nakan tafi karatu da niyyar in roƙi Inna, uwargidan Shehu, ta isar masa da buƙatarmu ya sa mu a addu'a, amma in na buɗe baki sai gaisuwa ta fito, in tashi. Ban gaya wa kowa a gidan ba, ko aikin mijina ban taɓa ambata ba. Ana saura 'yan makonni gwajin, an tashi daga karatu ina neman silifas ɗina, sai Inna ta dafa ni ta ce Malam yana kiran matar sojan nan mai zama kusa da randa. Na bi ta, na durƙusa a bakin ƙofar zaure ta ciki, bayan labule.

Shehu, Allah Ya tsare shi, ya amsa gaisuwata a natse, sannan ya ce, "'Yata, ki ce wa maigidanki ƙafarsa ba ta da laifi, kayan da ba nata ba take ɗauke da shi. Akwai tsohuwar da take jiran takalman nan." Sai na ji ya buɗe littafi.

Na kwana biyu da maganar a bakina. A rana ta uku, da la'asar, yana zaune a baranda da burushi da gwangwanin man takalmi, ni kuma ina wanke-wanke na ba shi baya, sai na faɗe ta ga kwanukan, yadda aka faɗa mini, ban rage ba ban ƙara ba. Burushin ya tsaya.

"Wa kika gaya wa?"

Na ce, "Ban gaya wa kowa ba, Yaya. Ni kaina ban san abin da zan gaya ba."

Na ɗauka ya yi fushi, sai ya ce in bar kwanukan in zo in zauna. A ranar na ji abin da ko Saje bai sani ba duka.

Amininsa, Allah Ya jiƙansa, Sarkin Barci suke ce masa, domin ko an busa bigila a kunnensa sai ya juya. Kullum shi ne na ƙarshen tashi, kuma in ya tashi duk abin da hannunsa ya taɓa nasa ne, hular wani, kofin wani, bel ɗin wani. A safiyar ranar, maigidana yana can yana alwala, Sarkin Barci ya farka a firgice ya zura ƙafa a takalman maigidana ya ruga mota. Da maigidana ya dawo bai tarar da komai ba sai na amininsa, waɗanda suka yi masa kaɗan, dole ya cusa ƙafa ya bi. A motar kowa da wurinsa. Na maigidana a bakin ƙofar baya yake, inda ƙura da girgiza suke, na Sarkin Barci kuma can ciki inda ake jingina a yi gyangyaɗi. Cikin haushi maigidana ya ce masa, "Tunda ka ɗauki takalmina, sai ka ɗauki wurina ma." Aka yi ta dariya. Sarkin Barci ya taso ya zauna a bakin ƙofa yana cewa, "Yi haƙuri, Barewa, in mun isa mu yi musaya." Taya ta fashe a gangara, motar ta kife, kuma na bakin ƙofa shi kaɗai aka rasa.

Ya ce mini, "Ba mu isa ba. To da wa zan yi musayar?" Ya ce kayan mamacin hukuma ce ta kai wa mahaifiyarsa lokacin shi maigidana yana kwance a asibiti, da ya warke kuma ya kasa zuwa ya dubi idonta, sai ya ɗaukar wa kansa cewa muddin yana aikin nan da takalman amininsa zai yi shi.

Washegari muka tafi gidan Shehu tare. Ni na shiga wajen Inna muka zauna bayan labule, shi kuma ya tuɓe takalman a bakin zaure kamar kowa, ya shiga ya gaishe shi. Ta gefen labule na ga Shehu ya dubi takalman ya daɗe, kafin ya dubi mai su. Ya ce, "Sun gaji." Maigidana ya fara ba da labari, Shehu ya ɗaga hannu kaɗan ya tsayar da shi tun bai kai wajen mota ba.

"Ɗana, mutum yakan yi kuskuren takalmi, amma ajali ba ya kuskuren wurin zama."

Sai ya jawo butar nan mai waya, da sauran ruwan alwalarsa a ciki, ya sa ya miƙo ƙafar, ya kwance bandejin da hannunsa mai albarka, ya zuba ruwan kaɗan kaɗan a kan kumburin, ya ɗora tafinsa ya karanta abin da ya karanta a ɓoye. Da ya gama ya ce, "Ka kai mata nasa. Naka suna can, ana goge maka su." Maigidana ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ba a haɗa takalmin da mutum ya rasu da shi a cikin kayan da ake kai wa iyali, zubarwa ake yi." Shehu ya yi masa addu'a ya sallame shi.

Saje ya nemo masa izinin fita, yana cewa in dai tafiyar za ta dawo masa da barewarsa ko bangon duniya ne ya je. Muka shiga mota da safe, muka sauka, muka ƙarasa da ƙafa, shi yana sanye da silifas yana rungume da takalman a cikin zanena. Muna tambaya aka nuna mana gidan mahaifiyar Sarkin Barci, tsohuwa mai ɗinki. Ɗaki ɗaya ne da rumfa, keken ɗinki a bakin taga, guntayen yadi a ƙasa, ita kuma tana ƙoƙarin zura zare a allura tana nisanta ta da idonta. Na karɓa na zura mata. Maigidana ya durƙusa ya gaishe ta, ya kasa faɗin ko shi wane ne, sai ya kwance zanen ya ajiye takalman a gabanta.

Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta shafa diddigen da ya cinye ta gefe, ta ce, "To. Waɗannan su ne nasa." Ta tashi ta ɗaga wani ƙyalle a kan akwati, sai ga takalman soja manya, suna ƙyalli, fatarsu ta yi laushi kamar ta jakar hannu. Ba ta san man takalmi ba, da man keken ɗinkinta take shafa musu duk mako.

Ta ce, "Tun ranar da aka kawo jakar kayansa na san ba nasa ba ne. Ni na haifi ƙafar nan, na sha saya mata takalmi. Na ce da wanda ya kawo, ya ce Iya ai duk iri ɗaya ne. Na ce to, mai su zai zo in yana da rai." Ta yi 'yar dariya tana share ido da gefen mayafi. "Yaron nan, har ya koma ga Allah bai daina kwasar kayan mutane ba."

Nan maigidana ya gaya mata zancen wurin zama, bai ɓoye kalma ɗaya ba, kansa a ƙasa. Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce, "Ɗan nan, da kai ka zauna a wurin, da yanzu uwarka ce take shafa wa takalmi mai. Ba a yi shawara da ni ba, ba a yi da ita ba, kai ma ba a yi da kai ba. Sa abinka in gani." Ya sa. Ta ce ya taka zuwa bakin rumfa ya dawo, ya taka. Ta ce, "An yi musaya ke nan. Ku zauna ku ci abinci."

Ba zan ce ƙafar ta warke a ranar ba, don ban ga haka ba. Kumburin ya ragu, ya koma atisaye a hankali, amma in ya matsa da gudu takan tashi, kuma har jajibirin gwajin sai da na gasa masa ita. Matar Kofur ta kawo mini kwali biyu ta ajiye a baranda.

Ranar gwajin ta faɗo a ranar karatunmu. Ba a barin iyali su je filin, zama a ɗaki kuma ya gagare ni, sai na ɗauki littafina na tafi. Muna zaune a tsakar gida muna jira, Shehu ya fito daga zaure yana dafa bango. Yana ɗingisa ƙafar hagu. Da ya zauna a buzunsa sai ya nemi afuwarmu, ya miƙe ta a gabansa, shi da bai taɓa yin haka ba, kuma daga inda nake kusa da randa na ga idon sawun a kumbure yana sheƙi, daidai wurin da na yi watanni ina gasawa. Wurin nan na san shi kamar tafin hannuna. Inna ta sunkuyo ta raɗa wa ta kusa da ni cewa lafiya ƙalau ya kwanta, bai faɗi ba, bai yi tuntuɓe ba, haka ya tashi.

Ya ci gaba da karatu daga inda muka tsaya, babin alwala, muryarsa yadda take kullum. Sai dai gumi yana tsattsafo masa a goshi alhali safiya ce mai sanyi kuma yana cikin inuwa, numfashinsa yana fita da nauyi tsakanin jumla da jumla kamar na wanda ya goyo kaya. Sauran matan idonsu yana kan littafi. Ni ban karanta harafi ɗaya ba. Can wajen ƙarshen darasi ya yi shiru, ya rufe ido, ya sauke dogon numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi," sannan ya ɗora daga kalmar da ya tsaya a kai.

Da na koma bariki na tarar da maigidana a baranda ya tuɓe takalma, rigarsa sharkaf, yana duban ƙafarsa kamar ta wani. Idon sawun a bushe yake, daidai da ɗan'uwansa. Bai zo na ɗaya ba, ko kusa, a tsakiyar mutane ya iso, amma da sauran lokaci. Ya ce tun daga tashi har isowa bai ji ƙafar ba sam, har ya riƙa dubawa ko tana nan. Saje ya biyo layinmu yana ta faɗa wa kowa, ya tsaya ya ce, "Ba barewa ba ce, amma ba kunkuru ba ne. Agogo ya ce ka zauna." Likita ya sake duba shi, ya lanƙwasa ƙafar ta kowace fuska, ya cire shi daga cikin waɗanda za a kai gaban kwamiti. Na mayar wa matar Kofur kwalayenta na yi mata godiya.

Da muka je yi wa Shehu godiya, ban riga na gaya wa maigidana abin da na gani ba, don ban san yadda zan fara ba. Ya shiga zaure ya durƙusa, idonsa ya sauka a kan ƙafar da ke miƙe a naɗe da tsumma, ya dubi wurin, ya dubi nasa. Soja ne, na sha ganin ana ɗinke masa rauni bai motsa ba, amma ranar ya kifa kansa a tabarma kafaɗunsa suna rawa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan ai tawa ce."

Shehu ya yi murmushi ya ce, "Baƙuwa ce, ta kwana biyu za ta wuce. Kai kana da gudu, ni kuwa a zaune nake aikina." Sannan ya ce, "Ka riƙa leƙa tsohuwar nan. Lafiya ta Allah ce, ni ba ni da komai a ciki." Bai sake yarda an tayar da zancen ba, kuma kafin mako ya zagayo na gan shi yana tafiya masallaci da ƙafafunsa biyu, ya koma naɗe su a kan buzu kamar da.

Maigidana yana nan a bakin aikinsa, muna nan a ɗakinmu. Duk lokacin da ya sami izini mukan je wajen Iya mai ɗinki, ya gyara mata rumfa, ni in zura mata zare a allurai da yawa in jera mata a jikin labule. Takalman Sarkin Barci suna kan akwatinta a ƙarƙashin ƙyalle, kuma ya kai mata man takalmi na gaske, ta karɓa ta yi godiya, ta ci gaba da shafa musu na keke.

Wannan shi ne abin da na gani daga karamomin Shehunmu, madubin masu tsoron Allah, mafakar masu rauni, wanda yake ɗaukar nauyin mutane bai ce ya ɗauka ba, kuma na tabbata abin da ban gani ba ya fi yawa. Ya Allah, Ka ƙara masa kusanci da ɗaukaka, Ka ba shi lafiyar da yake nema wa bayinKa, Ka saka wa Inna da alheri, Ka jiƙan Sarkin Barci Ka sa kwanciyarsa hutu ce, Ka sanyaya zuciyar mahaifiyarsa. Mu kuma da muke ƙarshen sahu, Ka sa albarkar Shehu ta iso mu a inda muke zaune, mu da mazajenmu da abin da za mu haifa, don alfarmar Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amin.